Godiya bayan kare kundi, har da ga wanda ban taɓa gani ba

Alhamdulillahi. Jiya Laraba bayan la'asar aka sake kira na cikin ɗakin, shugaban masu jarrabawa ya miƙo mini hannu ya ce kundina na digiri na uku ya wuce, sai 'yan gyare-gyare. Shekara biyar ke nan ina kokawa da farar ƙasar Ƙanƙara, ina so in mayar da ita ziyolait, hodar nan mai ƙananan ramuka da matatun mai ke farfasa mai mai kauri da ita ya koma fetur. Saƙonninku sun fi ƙarfin wayata, shi ya sa na haɗa amsar a nan.

Malamina da ya duba aikin, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu kuwa, ban san da bakin da zan gode masa ba. Gasa ƙasar nan sai tanderu ya haura digiri 700 ya tsaya a nan na awoyi, ga wuta ba tabbas. Dattijon nan ya sha shimfiɗa tabarma gefen janareta ya kwana, don kada zafin ya sauka aikin mako guda ya tashi a banza.

Akwai kuma wanda godiyata ba za ta isa kunnensa ba, Farfesa John Meurig Thomas, wanda ya rasu a Nuwamban 2020. Ranar da sakamakon XRD, gwajin hasken X-ray da ke nuna da layuka a takarda ko wane ma'adini ne a cikin hoda, ya dawo mini karo na tara babu ziyolait Y, irin ziyolait ɗin da nake nema, sai yashi da wani ma'adini daban mai suna sodalait, na shiga ofishin Malam na ce na haƙura. Bai ce mini komai ba. Ya jawo wani littafi kan katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai irin ziyolait ɗina, littafin da bangonsa ya sha salatif, ya ce in je in karanta mutumin nan, in dawo bayan sati biyu.

Abin da ya fara kama ni asalinsa ne. An haife shi a 1932 a kudancin Wels, mahaifinsa mahaƙin kwal ne, kuma da harshen Wels ya buɗe baki, ba Turanci ba. Ya yi karatu a Swansea, ya koyar a Bangor da Aberystwyth, a 1978 ya zama shugaban sashen kimiyyar sinadarai ta zahiri a Kambirij, a 1986 aka ba shi shugabancin cibiyar kimiyya ta Royal Institution ta Landan, gidan da Michael Faraday ya yi aikinsa. Har wani ma'adini aka raɗa wa sunansa, meurigite. Amma ni ba muƙaman ne suka tsaya mini a rai ba, yadda yake tunkarar abu mai tauri ne. A da, yawancin masu haɗa katalis kamar masu miya suke, a ƙara wannan a rage wancan har a dace. Shi kuwa sai ya ga inda kowane atam yake zaune tukuna, da madubin lantarki mai ƙarfi da hasken X-ray, wani lokacin ma katalis ɗin na tsaka da aiki. Daga nan ya tsaya kai da fata kan katalis mai gurbi iri ɗaya: kowane wurin da sinadarai ke haɗuwa ya zama kamar ɗan'uwansa sak, kuma nesa da juna, yadda za ka iya tsara shi da gangan. Da wannan tunanin shi da abokin aikinsa Robert Raja suka nuna a 2005 cewa ana iya samar da kafrolaktam, abin da ake yin nailan da shi, da taimakon iska da amoniya a mataki guda, ba tare da tulin amoniyam salfet da tsohuwar hanya ke bari ba.

Na dawo wa Malam da kunya, domin laifin nawa ne, ba na ƙasar ba. Silikon da alminiyam a farar ƙasa kusan kunnen doki suke, ziyolait Y kuma yana son silika fiye da haka. Shekara biyu ina ta dafa abin da ba zai taɓa nuna ba. Da muka ƙara silika daga tokar ƙaiƙayin shinkafa, muka bar haɗin ya kwana kafin a ɗora, karo na goma sha uku layukan suka fito inda ya kamata. Baba ne ya fara ganin takardar, ya ce wannan ta fi kyan gani, alhali bai san me take nufi ba. Ni kuwa hawaye.

Uwargida, kin ci bashin dare da yawa da na kwana a makaranta, kin kuma jure wa kwalaben da na cika miki kan firij. Na gode. Abokan karatu da suka ara mini kostik soda ranar da tawa ta ƙare, da mai injin casar shinkafa da ya riƙa tara mini ƙaiƙayi yana mamakin me zan yi da shi, Allah ya bar zumunci.

Za a yi walima Asabar bayan azahar a gidan Hajiyarmu, kowa ya zo. Da na kira ta jiya na ce an gama, sai da ta yi addu'a mai tsawo sannan ta ce, "To yanzu ƙasar taka ta zama fetur ɗin, ko da saura?" Na ce mata da saura, Hajiya.