Folinomiyal a ajin lissafi da ajin halittu: da na sa ɗalibai suka yi aikin irin na mutanen da

Lissafi da ilimin halittu nake koyar da 'yan manyan azuzuwan sakandare, kuma aji ɗaya nake shiga da darussan biyu. Shi ya sa na lura kalmar folinomiyal, wadda ake rubutawa polynomial, tana cikin littattafan biyu. A na lissafi babi guda aka ware mata, cike da aikin gida. A na halittu kuwa layi biyu kacal ta samu: wai kafin masanin tsirrai Linnaeus da dogayen sunaye, wato folinomiyal, ake kiran tsirrai, sunayen suka gagari mutane, ya zo ya gajarta su. Wannan taƙaitawar ba ta gamsar da ni ba, don tana nuna magabata kamar ba su san abin da suke yi ba. Sai na shirya in sa yaran su yi aikin yadda aka yi shi a da: lissafi ba harafin x, tsirrai ba gajeren suna.

Da lissafi muka fara. Na hana rubuta kowace alama, sai magana zalla, kamar yadda Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya yi a Bagadaza wajajen shekarar 820, a littafinsa, wanda daga sunan littafin ne kalmar aljabra ta fito. Abubuwa iri uku yake aiki da su. Akwai saiwa, wato lambar da ake nema. Akwai dukiya, wato saiwar idan an ninka ta da kanta. Sai kuma lamba tsurarta, wadda yakan ƙirga da dirhami. Na ba su shahararriyar tambayarsa: dukiya ɗaya da saiwoyinta goma sun yi daidai da dirhami 39, nawa ce saiwar? Hanyarsa ita ce a raba goma biyu a samu 5, a ninka 5 da kanta a samu 25, a ƙara a kan 39 ya zama 64, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 64, wato 8, sannan a cire 5. Saura 3.

Sun haddace matakan, amma babu wanda ya ga dalilinsu sai da muka ɗauko kwali da almakashi. Muka yanka murabba'i ɗaya a matsayin dukiya, muka yanka dogayen falle biyu, kowane faɗinsa biyar, tsawonsa daidai da gefen murabba'in. Ɗaya muka jingina a dama, ɗaya a ƙasa. Sai ga wani gurbi a kusurwa, biyar ta nan biyar ta can, yana jiran a cike shi. Wani yaro da ba ya cika magana ya sa yatsa a gurbin ya ce, "Malam, ashirin da biyar ɗin ke nan." Daga nan ban ƙara wani bayani ba.

Tambayar da ta kai mu ga kalmar folinomiyal daga wata yarinya ta fito: me ya hana a haɗe dukiyar da saiwoyin su zama abu ɗaya, a huta? Amsar ita ce ba iri ɗaya ba ne. Mai awaki uku da kaji biyu ba shi da biyar ɗin komai, dole ya ambaci kowanne da sunansa. A kashi na goma na babban littafinsa na lissafin siffofi, Yuklid, masanin lissafi Bagirke na zamanin da, ya yi magana a kan tsawon da aka samu daga haɗa tsawo biyu waɗanda babu ma'auni ɗaya da zai auna su duka, irin 2 + √3 a rubutun yau. Ya kira shi tsawo mai sunaye biyu, tunda ba a iya faɗinsa da suna ɗaya. Daga fassarar wannan zuwa Latinanci aka samu binomiyal. Daga baya aka cire "bi" mai nufin biyu, aka liƙa "poly" na Girkanci mai nufin da yawa, kalmar ta zama rabi Girkanci rabi Latinanci, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17. A lissafi ke nan, "suna" yana nufin gaɓa: 3x² − 5x + 2 gaɓoɓi uku ne, kowace lamba ce da aka ninka da x sau wani cikakken adadi, ko ba sau ko ɗaya ba. Shi ya sa 1/x da √x ba sa cikin dangin. Abin dariya, yau ko gaɓa ɗaya tilo irin 7x ana ce mata folinomiyal, babu mai damuwa da cewa ba ta da yawa.

Tarihin alamomin na ratsa shi da sauri. Masanin lissafi As-Samaw'al a ƙarni na 12 ya riƙa jera lambobin gaɓoɓi a cikin jadawali yana raba folinomiyal da wata. François Viète na Faransa a 1591 ya sa wasula su tsaya wa abin da ake nema, baƙaƙe su tsaya wa abin da aka sani. Descartes a 1637 ya kawo tsarin da muke kai, a, b, c ga sananne, x, y, z ga wanda ake nema, da 'yar ƙaramar lamba a sama. Da na buɗe musu hanya su rubuta x² + 10x = 39, sai da ajin ya yi ajiyar zuciya.

Darasin halittu ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi koya mini abu. Na tsinko rassa masu ganye daga harabar makaranta, na raba yaran rukuni-rukuni, na kafa doka irin ta masanan da: kalmar farko ta faɗi dangin tsiron, sauran su bambanta shi da duk wani ɗan dangin da ke kan tebur, kuma kada sunan ya wuce kalma goma sha biyu, iyakar da Linnaeus da kansa ya sa. Da farko abin ya zo da sauƙi. Wannan "mai gashi a bayan ganye", wancan "mai ganye sumul". Ana cikin haka na zaro wani reshe da na ɓoye, shi ma da gashi a bayan ganyensa. Nan take sunan farko ya mutu, domin yanzu tsirrai biyu ke amsa shi. Suka juya ganyayen, suka ɗaga su a hasken taga, suka shafa gefensu da ɗan yatsa, suka gano na ɗaya yana da haƙora kamar zarto, na ɗayan kuwa a miƙe yake. Sabon ya samu suna, tsohon ma dole aka ƙara masa jela. Na sake zaro wani. Kafin a tashi, sunayen sun cika layi, an soke an sake rubutawa, kuma rukuni biyu sun raɗa wa reshe ɗaya sunaye daban, ɗaya ya bi ta ganye, ɗaya ta kara, kowa kuma da gaskiyarsa. Yarinyar nan ta ajiye biro ta ce, "Malam, wannan ai ba suna ba ne, kwatance ne."

Abin da ya sami masanan Turai ke nan, sai dai su jiragen ruwa ne ke zaro musu sababbin rassa daga Amurka da Asiya da Afirka. Caspar Bauhin na birnin Basel ya fitar da littafi a 1623 mai tsirrai kusan 6,000, kuma babban aikin littafin shi ne jera sunaye daban-daban da marubuta suka ba tsiro ɗaya. Dogon sunan ba wauta ba ne. Wanda ya iya Latinanci yana iya riƙe tsiro a hannu, ya karanta sunan, ya tabbatar ko shi ne. Ciwonsa ɗaya ne: ingancinsa ya rataya a kan maƙwabta. Da zarar an gano sabon ɗan dangi, sunayen tsofaffin sun tashi aiki.

Abin da littafinmu bai faɗa ba shi ne Linnaeus, mutumin Suwidin, bai jefar da dogayen sunayen ba. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya rubuta su, su ne ma yake ɗauka ainihin sunaye, sai ya sa kalma ɗaya a gefen shafi don sauƙin ambato. Ga yadda ya rubuta ƙudan zuma a bugu na goma na Systema Naturae a 1758: Apis pubescens, thorace subgriseo, abdomine fusco, pedibus posticis glabris utrinque margine ciliatis. Wato mai laushin gashi, ƙirji toka-toka, ciki mai duhu, ƙafafun baya sumul da gashi a gefunansu biyu. Kalma goma sha biyu cif. A gefe kuma ya sa mellifera, mai ɗaukar zuma. Mutane suka kama ta gefen suka saki ta tsakiya. A 1761 ya so ya mayar da ita mellifica, mai yin zuma, tunda ƙudan ruwan fure yake ɗaukowa, zumar a gida yake haɗa ta. Amma a ƙa'idar da ake bi yau sunan da ya riga shi ke zama, don haka Apis mellifera ya tsaya duk da kwatancen bai yi daidai ba. Wannan ya ɗaure wa yaran kai ƙwarai, ni kuwa a ganina nan ne ƙarfin tsarin yake. Sunan da ba a ɗora wa nauyin kwatance ba, sabon bincike ba ya kayar da shi.

Da na ajiye darussan biyu gefe da gefe ne na gane dalilin da ya sa kalmar ta rayu a littafi ɗaya ta zama tarihi a ɗayan. Folinomiyal ta lissafi ba ta da ruwa da maƙwabta. Ko an rubuta wasu miliyan gobe, x² + 10x − 39 ba za ta buƙaci ƙarin gaɓa ba, domin gaɓoɓin su ne abin da kansa. Dogon sunan tsiro kuwa yana ƙoƙarin ware abu ɗaya ne daga taron da kullum ƙaruwa yake. Su ma masu lissafi suna da tasu kalmar gefen shafi: in sun gaji da maimaita doguwar jimla sai su ce mata p(x), amma ranar aiki dole a dawo ga gaɓoɓin. Haka yake ga masu tsirrai. Har yau ba a karɓar sunan sabon tsiro sai an haɗa shi da bayanin da ke kwatanta shi ko bambanta shi da 'yan uwansa. Daga 1935 wajibi ne bayanin ya kasance da Latinanci, sai daga farkon 2012 aka yarda a yi shi da Ingilishi ma.

Dogayen sunayen da yaran suka rubuta ban bar su sun tafi a banza ba. Muka ba kowane reshe gajeren suna na kalma biyu, sannan muka warware kwatancen muka mayar da shi jerin tambayoyi masu amsa biyu: akwai gashi a bayan ganye ko babu, gefen yana da haƙora ko a miƙe yake, karan zagaye ne ko mai kusurwa. Muka kira 'yan wani aji da ba su taɓa ganin rassan ba, suka bi tambayoyin suna isa ga sunayen. Wuri ɗaya suka maƙale, inda aka rubuta "ganye babba", don babu wanda ya faɗi babba a kan me. Aka ɗauko rula aka auna, aka sa santimita a wurin.