Bishiyoyin da na binne da ransu

Shekara 3 da kammala wani aiki da nake alfahari da shi, mai gidan ya kira ni ya ce in zo in ga bishiyoyina. Guda 11 na dasa masa a jere, daga ƙofar shiga har bakin baranda. Da na isa sai na tarar ganyensu ya ƙanƙance, kawunansu sun fara bushewa daga sama, biyu ma sun mutu a tsaye. Na ɗora laifin a kan mai ban ruwa, na ɗora a kan gara, na ɗora a kan wanda ya sayar mini da dashen. Na ƙara taki, na yi feshi, abin sai gaba yake yi.

A lokacin ban shiga ƙungiyar masu sana'armu ba, kuma ba ni da niyya. A ganina duk mai aikin shuke-shuke da ƙawata harabar gidaje kishiya ne, to me zai sa in zauna da mutumin da muke farautar kwangila ɗaya in buɗe masa cikina? Abin da ya kai ni taronsu rannan tsoro ne, domin mai gidan ya fara maganar a biya shi. Na zauna can baya har aka tashi, sannan na matsa kusa da wani dattijo da ya taɓa ƙwace mini aiki sau biyu, na nuna masa hotuna a waya. Ya ce hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa, gobe mu je tare.

Da muka je ko ganyen bai ɗaga kai ya kalla ba. Ya durƙusa a gindin ta farko, ya riƙa tone ƙasa da yatsunsa. Sai da ya yi zurfin kusan taƙi guda kafin ya kai wurin da gindin bishiya ke buɗewa ya zama saiwa, wurin da ya kamata a ce yana sama, iska na bugunsa. Ɓawon ya yi baƙi, yana saɓulewa a hannu. Ya ƙara tonawa, ya nuna mini wata saiwa mai kaurin babban yatsa da ta naɗe gindin kamar igiya a wuyan akuya. Tun tana cikin tukunyar reno ta fara zagaye, ni kuma na zura ta cikin rami ban warware ta ba.

Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Ɗana, kai ba dashe ka yi ba, binnewa ka yi."

Na ce, "Baba, ai cewa na yi in ramin ya yi zurfi iska ba za ta kayar da su ba."

Ya yi dariya, ya ce shi ma haka ya yi tunani a farkon sana'arsa, kuma bishiyoyin da ya kashe da wannan tunanin sun fi nawa yawa. Rami faɗi yake so, ninki 2 ko 3 na dunƙulen saiwar, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba, amma ni sai da na yi shekara 3 da asarar bishiya 7 kafin ta iso kunnena. Sauran 4 mun cece su, bayan mun kwashe ƙasar mun yanke saiwoyin da suka shaƙe su.

Wannan sana'a tamu haka take. Kafinta in ya yi kuskure, a ranar ƙofa za ta ƙi rufuwa. Mu kuwa kuskurenmu kan yi barci a ƙarƙashin ƙasa, sai ka maimaita shi a gida 20 kafin na farko ya farka. Shekarun mutum ɗaya ba su isa ya koyi komai da asarar kansa ba. Dole ya ari asarar waɗanda suka riga shi, su kuma ba a samunsu sai inda suke taruwa.

Bayan na shiga ƙungiyar, a wata bita da ta shirya na gano ko datse reshe ban iya ba. Da zarto nake shafe reshe daidai da jikin bishiya, sannan in shafa fenti a kan raunin, ina ganin na yi aikin ƙwararru. A nan na fara jin sunan Alex Shigo, masani a hukumar gandun daji ta Amurka, wanda ya tsaga dubban bishiyoyi a tsaye domin ya ga yadda ruɓewa ke tafiya a cikinsu. Tun a shekarun 1970 ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin yadda fatar mutum ke warkewa, katange wurin da ya lalace take yi, kuma ɗan kumburin nan da ke gindin reshe shi ne wurin da katangar ke tashi. In ka shafe shi ka buɗe wa ruɓewa ƙofa, fentin kuma ba ya hana komai. Ilimin ya girme ni, amma bai zo inda nake ba sai ta bakin abokan sana'a.

Abin da ya fi yi mini zafi dai ba a lambu na koye shi ba. Daga cikin ƙungiyar muka ware mu 5, kowa daga gari daban, nesa da juna yadda ba mai shiga kasuwar wani. Muka yi alkawarin duk bayan wata 3 kowa zai buɗe littafin lissafinsa a gaban sauran, ba kwaskwarima. Zaman farko na shiga da ƙafar dama, na ce ribata kashi 25 ce. Wata hajiya da ta daɗe tana aikin dasa ciyawa da furanni ta karɓi takardar, ta ce, "Malam, in aiki ya ci 100 ka ɗora 25 ka karɓi 125, ribarka kashi 20 ce cikin abin da ka karɓa." Sannan ta fara tambaya. Lokacin da yara ke loda baro da shebur a mota da safe, wa ke biyansa? Tafiya da dawowa fa? Wasa wuƙar injin yankan ciyawa? Shi kansa injin da ke tsufa kullum, ina kuɗin da za a sayi magajinsa? Dashen da ya mutu aka sake kyauta? Kafin ta gama, ribar tawa ta narke. Ashe shekara da shekaru ina aiki tuƙuru, ina biyan kowa ban da kaina, kuma arhata ce ke kawo mini yawan aikin da nake taƙama da shi.

Wani abu ɗaya ne ba ma taɓawa a wannan zama: ba ma haɗa baki a kan farashin da za a caji mutane. Dokokin ƙasashe da yawa sun hana, a Amurka ma tun dokar Sherman ta 1890. Ko ba doka, zalunci ne. Yadda ake lissafi muke koya wa juna, kowa kuma ya je ya yanka nasa.

Manyan ƙungiyoyi na da wani amfanin da zaman mutum 5 ba zai bayar ba. ISA, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu kula da bishiyoyi, wadda asalinta ya koma 1924, jarrabawa take yi kafin ta ba da takardar shaidar ƙwarewa. BALI, ƙungiyar kamfanonin shuke-shuke da ƙawata haraba ta Birtaniya, da aka kafa a 1972, sai ta tantance kamfani kafin ta ba shi tambarinta. A Amurka akwai NALP, ƙungiyar masu irin sana'armu ta can, wadda ta ɗauki wannan suna a 2015. Sana'armu kowa na iya sayen almakashi da tiyo ya ce shi ma ya iya, don haka mai gida na bukatar abin da zai bambance masa gwani da ɗan koyo. Haka kuma in hukuma za ta yi doka a kan maganin feshi ko taƙaita ban ruwa, ba za ta saurari mai baro ɗaya ba.

Ba zan ce duk zuma ba ce. Na halarci tarukan da aka ƙare su a rigimar wa zai zama ma'aji. Akwai masu zuwa don cika baki kawai, kowane wata aiki ya yi musu yawa, ba su taɓa kashe ko fure ɗaya ba. Sau biyu na kusa daina biyan kuɗin wata. Da na lura sai na ga duk abin da na amfana da shi daga bakin wanda ya yarda ya faɗi asararsa ya fito, kuma ba ya faɗa sai ka fara faɗin taka.

Bara wani yaro da na koya wa aiki shekara 4 ya bar ni ya buɗe nasa, ya tafi da masu gida biyu daga cikin nawa. Na yi wata da watanni ba na amsa gaisuwarsa yadda ya kamata. Kwanan baya ya nemi shiga ƙungiya, kuma a tsarinmu sai wani tsohon ɗan ƙungiya ya tsaya wa sabo. Sai ga shi da takardar a hannu, yana ta sosa ƙeya, ya ce, "Maigida, ban san wanda zan kai wa ba sai kai." Na daɗe ina juya takardar. Sannan na tambaye shi zurfin ramin da yake tonawa in zai dasa bishiya. Ya faɗa daidai. Na sa hannu, na ce ranar taro ya zo da littafin lissafinsa, akwai wata hajiya da nake so ya gaisa da ita.