Asabar: Rukayya da takardar neman shiga jami'a

Na tashi yau da niyyar yin wanki da duba littattafan ɗalibaina 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, amma ko kokon safe ban gama sha ba Rukayya, 'yar yayana Habibu, ta yi sallama, ɗauke da kwamfutar yayanta da lambar cike takardar shiga KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, wadda babanta ya sayo mata a banki. Ta riga ta shigar da sunanta da sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, tun a gida. Abin da ya rage shi ne wurin da ake rubuta kwas na farko da na biyu da na uku, kuma a nan ta cije. Na yi murna da zuwanta ƙwarai, domin rabon da ta zauna mu yi doguwar hira tun kafin ta shiga ajin ƙarshe. Na ƙaro mata ƙosai, muka shimfiɗa tabarma a baranda.

Jimillar makinta 12 ce. Ga waɗanda 'ya'yansu ba su kai wannan mataki ba tukuna, darussa shida ake haɗawa, uku daga cikin na dole da uku na zaɓi, A1 maki ɗaya, B2 maki biyu, haka har zuwa C6 wanda shi ne ƙarshen abin da jami'a take karɓa, don haka ƙarancin jimilla shi ne alheri, 6 kuma ita ce ƙololuwa. Sakamakon Rukayya abin a yi walima ne a kowane gida a unguwar Aboabo. Sai dai likitanci, wanda Yaya Habibu ya ƙwallafa ransa a kai tun tana firamare, masu 6 da 7 ne suke cunkoso a ƙofarsa, kuma ita ma ta san da haka.

Daga cikin jakarta ta fito da wata takarda da malamin ba da shawara na makarantarsu ya raba musu kafin su gama, wadda ɗalibi zai auna kansa da ita. Na san irinta tun ina karatun koyarwa a Winneba. An gina ta ne a kan ra'ayin John Holland, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, wanda tun 1959 ya kasa sha'awar mutane game da aiki gida shida: akwai mai son aikin hannu da na'ura, da mai son bincike, da mai son zane da ƙirƙira, da mai son hidimar jama'a, da mai son ciniki da jagoranci, sai mai son tsari da lissafi da adana bayanai. Ana jero ayyuka, ɗalibi ya nuna wanda yake so da wanda ba ya so, a ƙarshe a duba inda ya fi rinjaye. Takardar Rukayya ta nuna hidimar jama'a ce ta yi fintinkau, kuma a ƙasa an lissafo aikin jinya da likitanci da koyarwa.

Na bi amsoshinta ɗaya bayan ɗaya, sai na ga duk inda aka ce kula da marar lafiya, ko rarrashin mai baƙin ciki, ko taimakon tsofaffi, ta sa alamar tana so ƙwarai. Na tambaye ta ko da gaske haka take ji. Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, can ta ce, "Gwaggo, in na rubuta ba na son kula da marar lafiya, ai kamar na rubuta ba ni da imani ne."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni yini guda. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba. An tambaye ta abin da take so, ita kuwa ta ji kamar ana tambayar ta irin tarbiyyar da aka yi mata, sai ta amsa da abin da Mma da malamin makarantar allo suka koya mata, cewa tausayi ibada ne. Waɗanda suka tsara irin wannan takarda sun ɗauka yaro ya saba a tambaye shi ra'ayinsa ya faɗa kansa tsaye, mu kuwa a gidajenmu na zango yarinyar da ta ce "ba na so" a gaban manya an ce ba ta da kunya. Shekara goma sha takwas ana koya mata ta haɗiye wannan kalma, sannan rana ɗaya a miƙa mata takarda a ce ta faɗi gaskiyar zuciyarta, kuma a dogara da amsar wajen zaɓar aikin da za ta yi har tsufa. Ba na cewa takardar ba ta da amfani. Rabe-raben nan shida suna taimaka wa mutum ya ga kansa da kyau, amma sai an ciyar da su da gaskiya, gaskiyar kuwa a wurin 'ya'yanmu ba a baki take fitowa ba.

Sai na ce ta kifa takardar, mu sauya tambaya. Kada ta gaya mini abin da take so. Ta gaya mini abin da ta taɓa yi ba wanda ya sa ta, kuma ta koma ta sake yi. Da farko ta ce babu. Na tuna mata lokacin da Hajiya take kwance a asibitin Komfo Anokye. Ta yi jinya kamar kowa, ta yi wanki, ta kai abinci, ba ta taɓa ƙorafi ba, amma abin da ta ɗora wa kanta da kanta shi ne jadawalin shan magani da ta zana ta manna a bango, da rasiɗan da ta jera bisa kwanan wata, da sabunta katin inshorar lafiya kafin ya ƙare. Ta yi dariya ta ce wannan ai ba aiki ba ne. Daga nan ita da kanta ta ambato littafin lissafin ginin babanta a unguwar Sawaba, kuma ashe yana cikin jakar.

Littafi ne na ɗalibai mai jan bango, gefensa duk ya yi ƙura. Ta ja layuka da rula, kowane shafi da abin da ya ƙunsa: bulo, buhunan siminti masu kilo 50, tifar yashi, rodi bisa kaurinsa, kuɗin lebura na kowace rana. A wani shafi ta zana bangon ɗakin baƙi, ta rubuta tsawonsa da tsayinsa yadda ta auna da tef, ta cire gurbin ƙofa da tagogi biyu, ta fitar da adadin bulon da zai ci, sannan a gefe ta rubuta adadin da magini ya nema, ta ja layi biyu a ƙarƙashin bambancin. Tana aji biyu na sakandare ta yi wannan, lokacin hutu. Da take yi mini bayani, muryarta ta sauya, ta daina kallon ƙasa, har tana gyara mini inda ban fahimta ba.

Na ce mata akwai mutanen da wannan ne sana'arsu, su ne suke ƙididdige kayan gini da kuɗinsa kafin a haƙa tushe, su bi diddigin abin da aka kashe har a miƙa makulli, kuma ana koyar da shi shekara huɗu a nan KNUST, a kwalejin zane da gine-gine. Ta zaro ido ta ce ba ta taɓa jin akwai irin wannan karatu ba.

Nan farin cikina ya koma tunani. Jami'ar nan tun 1952 take a garin nan, motar haya ta trotro ɗaya ce tsakaninta da Aboabo, amma yarinya mai maki 12 ba ta san abin da ake koyarwa a cikinta ba sai likitanci da haɗa magunguna da injiniyanci. A zaurukanmu sana'o'in boko ba su wuce likita da lauya da injiniya da nas da ma'aikacin banki ba. Ba wanda yake ambaton awon ƙasa, ko kimanta filaye da gidaje, ko gwajin ido, ko kimiyyar abinci. Yaro ba zai so abin da bai taɓa jin sunansa ba, kuma duk auna kai da zai yi, a cikin ɗan abin da ya sani zai yi ta kewaye. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017, gidaje da yawa a zango sun sami ɗansu na farko da ya isa ƙofar jami'a, ba yaya ko kawu da ya riga shi shiga balle ya nuna masa hanya. Abin da ya fi damuna kuma shi ne rabin zaɓin an riga an yi shi tun a ajin da nake koyarwa, lokacin da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar yake cike takardar zaɓen makaranta ta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya ɗauki kimiyya ko adabi ko kasuwanci ko tattalin gida. Wanda bai yi lissafin zaɓi ba a sakandare, ƙofar injiniyanci ta rufe masa kafin ya san tana nan. Rukayya ta yi sa'a ta ɗauki kimiyya da lissafin zaɓi, kuma a lissafin ta ci A1.

Wankin bai yiwu ba. Littattafan 'yan aji uku ma suna nan yadda na ajiye su.

Bayan la'asar muka tafi gidan Yaya, mun same shi ya dawo daga shagonsa na Magazin, unguwar makanikai, yana alwala. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ba don a kira shi baban likita yake wannan magana ba. Ya ce matan zango nawa ne suke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu saboda nauyin buɗe baki a gaban likita namiji da ba ya jin Hausa, kuma in 'ya'yanmu mata masu ƙoƙari ba su shiga ba, wa zai shiga? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban yi yunƙurin rage mata nauyi ba. Shawararsa ita ce ta zauna ta sake rubuta jarrabawar Nuwamba da Disamba ta gyara makinta. Na ce, "Yaya, shekara shida ce a jami'a, da biyu na sanin makamar aiki a asibiti. Wanda zuciyarsa take can ma yana jin jiki, ina ga wadda ta shiga don kada ta ɓata maka rai?" Ya ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce haka ne, shi ya sa muka kawo masa maganar, ba mu cike komai a bayan idonsa ba.

Sai na miƙa masa jan littafin. Ya san shi sarai, domin kuɗinsa ne a ciki, amma ina jin bai taɓa kallonsa a matsayin shaida a kan 'yarsa ba. Ya daɗe a kan shafin bangon ɗakin baƙi. Da ya ɗago ya ce aikin gini na maza ne, rana da ƙura da cacar baki da leburori. Rukayya, wadda tun zuwanmu ba ta ce uffan ba, ta ce a hankali, "Baba, ai na yi da Malam Isa magini, kuma bai sake ƙara mana bulo ba." Maman Rukayya ta yi dariya daga kicin, shi ma ya murmusa, amma bai ce ya yarda ba. Ya ce kowa ya yi istihara, a bar takardar a buɗe zuwa Juma'a.

Ni dai a ganina auna kai ba lasisin bijire wa iyaye ba ne, kuma ba na son a koya wa yaranmu haka. A gidajenmu ba mutum ɗaya yake yanke irin wannan hukunci ba, tunda ba shi kaɗai zai biya kuɗin ba, ba kuma shi kaɗai zai ci amfanin ba. Abin da auna kai yake yi shi ne ya ba yaro abin da zai ajiye a gaban manya in an zauna, maimakon ya zo da shiru ko da kuka. Kuma sha'awa da iyawa ba su isa ba sai an haɗa da tambayar abinci: ana ɗaukar masu wannan karatu aiki, ko za ta gama ta yi bautar ƙasa ta shekara ɗaya ta dawo ɗaki? Wannan ba takarda ce za ta amsa ba, sai wanda yake cikin sana'ar. Na tuna ƙanwar Malama Safiya tana aiki a ofishin wani kamfanin gini a Adum, na kira ta, ta ce Rukayya ta zo ranar Talata ta yini tare da su, har ta bi su wurin aiki in babanta ya amince.

Bayan isha'i Yaya ya kira ni. Bai ambaci likitanci ba. Ya tambayi shekara nawa ne karatun, na ce huɗu. Ya tambaya ko akwai mata a ciki, na ce akwai, kuma ranar Talata za ta ga ɗaya da idonta. Ya ce to shi zai kai ta Adum da kansa, yana so ya yi wa matar tambayoyi a kan albashi da yawan tafiye-tafiye, ni kuma in bincika masa kuɗin makaranta da na ɗakin kwana kafin Juma'a. Ranar Litinin zan nemi shugaban makarantarmu ya ba ni darasi ɗaya a mako da 'yan aji uku kafin a kawo takardun zaɓen sakandare.