Kada ka tsaya a "su fahimta" in za ka rubuta manufar darasi

Shekarata ta farko da riƙe alli, a wata firamare ta ƙauye a yankin Jega, duk daren Lahadi nakan zauna da fitila in cika littafin shirin darasi na mako. Gurbin manufa ya fi ko'ina sauƙi a wurina, domin jimla ɗaya nake ta juyawa: "A ƙarshen darasi, ɗalibai su fahimci kaza." Yau su fahimci rabawa, gobe su fahimci sassan tsiro, jibi su san muhimmancin tsafta. Hedimasta ya sa hannu da jan biro, ni kuma in shiga aji.

Wata Talata wani dattijon mai duba makarantu ya zo, ya zauna a bayan aji huɗu har na gama darasin rabawa. Da aka fita tara ya kira ni gindin dalbejiya, littafina a hannunsa. Ya ce, "Malam, yara nawa suka fahimta?" Na ce, "Dukansu, ranka ya daɗe. Na tambaya, sun ce sun gane." Sai ya sa na kira masa biyar. Ya tsinci tsakuwa, ya ba kowanne goma sha biyu, ya ce ya raba wa mutum uku daidai wa daida. Biyu suka yi. Wata yarinya kuwa ta tsaya da tsakuwar a bakin hijabinta, ba ta kallon ƙasa, fuskata take kallo tana jiran in faɗa ta maimaita. Har yau ina ganin idon yarinyar nan.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in sake rubuta manufar yadda ko baƙo ya shigo zai iya gwada ta. Sai da muka yi gyara uku kafin ya yarda da wannan: "Idan aka ba ɗalibi tsakuwa ko ƙwayar masara da ba su wuce 20 ba, zai raba su daidai tsakanin mutum 2, 3 ko 4, ya ci aƙalla huɗu cikin tambayoyi biyar."

Ƙannena da kuke fitowa daga kwalejojin ilimi na Argungu, Maru da Gusau, ku duba jimlar nan da kyau. Daga baya na san cewa wani masani ɗan Amurka, Robert Mager, ya tsara wannan tun 1962: manufa ta faɗi aikin da ɗalibi zai yi, da halin da zai yi shi a ciki, da mizanin da za a ce ya iya. Fahimta abu ce mai kyau, ita muke nema. Amma a cikin kai take, ido ba ya ganinta. Dole ka faɗi abin da yaro zai yi da hannunsa ko bakinsa wanda zai nuna tana nan.

Kuskurena na biyu ya fi jimawa tare da ni. Da na koyi kalmomin aiki, sai na maƙale wa "su ambata" da "su lissafa". Su ambaci sassan tsiro biyar, su lissafa jihohin da ke maƙwabtaka da Kebbi. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne, da yawansu daga makarantar allo suke zuwa, sai su zubo maka amsa kamar ruwa, ka ɗauka aiki ya yi. Matakan tunani da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, aka sabunta su a 2001, guda shida ne, kuma tuna abu shi ne na ƙasa. A samansa akwai bayani da kalmominka, da aiki da abin da ka koya, har zuwa ƙirƙira. Ranar da na tumɓuko shinkafa daga fadama na ce kowa ya nuna saiwa ya faɗi abin da zai faru in an yanke ta, ranar na ga wanda ya sani da wanda ya haddace kawai.

Sannan kada ka cika buhu. Na taɓa jera manufa bakwai a darasin minti 35, ban kai ta uku ba aka kaɗa ƙararrawa. Biyu sun isa, wani lokaci ma ɗaya.

Manya ma haka suke, har sun fi. Da aka ba ni ajin yaƙi da jahilci na yamma, na rubuta "su san amfanin karatu". Mutumin da ya baro gonarsa ya zo ya zauna a benci ai ya riga ya san amfaninsa. Da na mayar da ita "kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa mai lamba 11 ba tare da ya kalli allo ba", sai suka riƙa tsayawa bayan an tashi suna gwadawa a bayan hannu.

Yanzu in zan shirya darasi, daga ƙarshe nake farawa. Nakan rubuta tambayar da zan yi a minti biyar na ƙarshe, in tanadi abin da zan miƙa wa yaro a hannu, sannan in koma sama in rubuta manufar. In na kasa samo tambayar, nakan soke manufar in sake wata.