Mak Yong: wasan da UNESCO ta karrama alhali an hana shi a gida

Wani dare barci ya ƙi zuwa na shiga YouTube ina ta latse-latse, sai na faɗa kan wani wasa na mutanen tsibirin Java na Indunusiya da suke kira wayang kulit. Farin ƙyalle ne aka kafa, fitila a baya, mutum ɗaya zaune ya tanƙwashe ƙafa yana juya 'yan tsana na fata, 'yan kallo na ganin inuwa. Ko kalma ɗaya ban ji ba amma wallahi sai da na yi kusan awa biyu. Shi mutumin dalang ake ce masa, shi ke yin muryar sarki da ta bawa da ta mace da ta dodo, shi ke ba makaɗa alama, kuma a asali tun bayan isha'i ake farawa sai asuba. Daga nan ne fa na tsunduma karance-karancen abin da malaman jami'a suka rubuta kan fasahohin Kudu Maso Gabashin Asiya, har yau ban fito ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, Indunusiya ƙasar da ta fi kowacce yawan Musulmi a duniya, amma labaran wayang akasari daga tsofaffin tatsuniyoyin Hindu na Indiya aka samo su. Mutanen Java na cewa wai Sunan Kalijaga, ɗaya daga waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a tsibirin, da wayang ɗin ya riƙa jawo jama'a yana musu wa'azi. Kuma wasan bai taɓa zama na nishaɗi zalla ba, akwai wasu barori masu barkwanci a ciki, Semar da 'ya'yansa, ta bakinsu dalang ke yi wa masu mulki habaici. Gwamnatin Suharto, tsohon shugaban Indunusiya, ta gane haka sai ita ma ta riƙa cusa saƙonninta ta bakin su dalang, har da na ƙayyade iyali. Shi ya sa masu nazarin kafafen yaɗa labarai ke ɗaukar wayang a matsayin kafa sukutum, ba wai kayan gargajiya na ajiyewa a kabad ba.

To amma labarin da ya tsaya min a rai na Mak Yong ne, a jihar Kelantan ta arewacin Malesiya. Wasan kwaikwayo ne da rawa da waƙa a haɗe, mata ke jan ragama, har matsayin sarki mace ke hawa. Akwai wani goge mai tsirkiya uku, rebab, da ganguna biyu da manyan ƙarafan dukan nan masu amo. Kafin a shiga labari sai 'yan wasa su zauna su fuskanci mai gogen su yi doguwar waƙar buɗewa. A ƙauyuka kuma ana haɗa shi da wani salon magani na kiran iskoki da ake ce wa main puteri, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Jam'iyyar PAS mai ra'ayin Musulunci ta ci zaɓen Kelantan a 1990, a 1991 aka hana Mak Yong da wayang ɗin jihar, saboda abubuwan da aka ce sun saɓa wa aƙida da kuma fitowar mata a dandali. Sai ga shi a 2005 UNESCO ta ayyana Mak Yong cikin fitattun abubuwan gado na ɗan Adam. Ka ji fa, duniya na tafa maka, gidanku an kulle ƙofa. Sai a 2019 aka sassauta, da sharuɗɗa: a rufe al'aura, a raba maza da mata, a cire duk abin da ya yi kama da tsafi.

Ni dai ba zan yi saurin zagin kowa ba a nan, don masu hanin suna da hujjarsu ta addini, kuma ba ƙarya ba ne akwai kiraye-kirayen da Musulmi zai ji ya ɗaure fuska. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ya faru da wasan a tsawon shekarun nan. Bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya koma Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ana koyar da shi a ASWARA, makarantar fasaha ta gwamnatin tarayya, da manhaja da jarabawa da fitilu masu kala da kaya masu ƙyalli. Wasan da a da ake kwana da kwanaki ana yi a rumfa a buɗe, an matse shi ya dawo na zama ɗaya a zauren da ake shiga da tikiti. Tsofaffin matan ƙauye da suka gaje shi kuwa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shin wannan na birnin shi ne Mak Yong ɗin, ko hotonsa ne? Malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Marigayi Ghulam-Sarwar Yousof ya yi digirinsa na uku a kan wasan a Jami'ar Hawaii a 1976, tun kafin hanin, don haka rubuce-rubuce irin nasa yanzu su ne shaidar yadda abin yake a da. Wato mai bincike ya je ya rubuta ne kawai, bai san wata rana littafinsa zai zama ma'aunin da za a riƙa cewa wannan daidai wannan ba daidai ba.

Ita wannan rijista ta UNESCO ma wani lokaci rigima take haifarwa. A 2009 an yi ta cacar baki tsakanin Indunusiya da Malesiya kan rawar pendet ta tsibirin Bali na Indunusiya da ta fito a wata tallar shirin talabijin game da Malesiya, 'yan Indunusiya suka ce sata ce, a shekarar ne kuma aka yi wa batik, wato rinin zanen yadi, rijista da sunan Indunusiya, shi ya sa duk 2 ga Oktoba suke bikinsa. Abin dariyar, iyakar da ta raba ƙasashen biyu, Ingila da Holan ne suka shata ta a yarjejeniyar 1824, alhali mutane da kiɗansu sun daɗe suna tsallaka ruwan nan. Daga baya dai hankali ya ɗan dawo, a 2020 ƙasashen biyu suka yi rijistar waƙen pantun tare, a 2024 kuma ƙasashe biyar, da Burunai da Singafo da Tailan, suka haɗu kan rigar mata ta kebaya.

Na Kambodiya kam sai dai a ce Allah sarki. Daga 1975 zuwa 1979 gwamnatin Khmer Rouge ta hallaka mafi yawan makaɗa da masu rawar fada, 'yan tsirarun da suka tsira ne suka zauna suna tuno taku da motsin yatsu daga ka, suna koya wa yara. A can babu mai tambayar ko na asali ne, abin da ya rage a ƙwaƙwalwar tsohuwa shi ne asalin. Cibiyar Bophana da aka buɗe a Phnom Penh a 2006 har yanzu tana tattaro tsofaffin finafinai da sautuka da suka warwatse.

Shi kuwa bidiyon da ya jefa ni cikin wannan duka, ashe na Ki Seno Nugroho ne, wani dalang na Yogyakarta da ya shahara da watsa wasansa kai tsaye a YouTube, lokacin korona ma da aka hana taro ya gajarta wasan ya ci gaba da yi daga gida. Sai da na je neman sabbin wasanninsa na tarar ya rasu tun watan Nuwamba 2020. Na koma na ƙarasa kallon wancan na farko, daidai wurin da barorin nan suka fito, makaɗan da ke bayansa na ta ƙyaƙyata dariya kan wani zance da har yau ban san me ya ce ba.