Ma'aikatan Ɓoye da ke Cikin Kwamfutarka

Yawancin kwamfutocin da ake kawo min shago kukansu ɗaya ne: ta yi nauyi, fanka na ta gurnani, batir ba ya riƙe caji, data tana ƙarewa ba a san inda ta bi ba. Mai ita har rantsuwa yake yi cewa bai buɗe komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kwamfuta kamar gidan biki take. Baƙo zaure da tabarma kawai yake gani, amma can cikin gida akwai masu tuƙa tuwo da masu ɗebo ruwa, akwai kuma 'yan cin arziki da suka shigo babu gayyata. Haka manhajoji suke aiki a ɓoye cikin kwamfuta, sana'ata kuma ita ce rarrabe su.

Kafin in kwance noti ko ɗaya, Ctrl da Shift da Esc nake dannawa tare, Task Manager ta buɗe, wato tagar da ke nuna duk abin da ke aiki a cikin kwamfuta. Sai in naɗe hannu in yi kallo na wasu mintuna. Wa ke cinye ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta? Wa ya danne faifan ajiya har ya kai ɗari bisa ɗari? Wani lokacin Windows ce ke sabunta kanta, haƙuri kawai ake buƙata. Wani lokacin SysMain ne, wato hidimar Windows mai tanadar manhajoji kafin a buɗe su, ko mai jera fayiloli don saurin bincike yake wahalar da tsohon faifai mai juyawa. Shi kuwa Chrome, shafukan da ka buɗe yana raba musu ma'aikata ne, don haka wanda ya tara shafi talatin a kan ram mai giga 4 kada ya ga laifin na'ura.

Wannan haƙurin kallo a hannun maigidana na koye shi, Allah Ya saka masa da alheri, a zamanin Windows XP da shagunan intanet. Wata rana na ga svchost.exe ya fito sau da yawa, na ɗauka bairos ne, na kashe ɗaya. Nan take sanarwa ta fito cewa kwamfutar za ta mutu cikin daƙiƙa 60, ga wani bawan Allah yana tsaka da cike fom. Maigida ya taso, ya rubuta shutdown -a, ƙidayar ta tsaya. Bai yi min faɗa a gaban mutane ba. Da aka watse ya ce, "Yaro, wanda ba ka san aikinsa ba, kada ka sallame shi. Fara tambayar inda ya fito." Har gobe da wannan nake aiki. Svchost na gaskiya, wato mai ɗauke da hidimomin Windows, a cikin foldar System32 ko SysWOW64 yake zaune. Idan na gan shi a wani lungu daban, ko an sauya masa harafi ɗaya, to ɓarawo ne ya sa rigar ɗan gida. Yawansa kuma ba laifi ba ne, domin tun 2017 Windows 10 take raba hidimominta gida-gida a kwamfutar da ram ɗinta ya haura giga 3.5.

Idan lamarin ya yi zurfi sai in ɗauko Process Explorer da Autoruns, kayan aikin Sysinternals na Mark Russinovich, waɗanda Microsoft ta saya a 2006. Kyauta ne. Autoruns ba ya rufa wa kowa asiri, duk abin da ke tashi tare da kwamfuta sai ya fito da shi fili.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu fomat, wato masu share komai su sake ɗora Windows. Ciwon kai fomat, ciwon ciki fomat! Wata ɗaliba ta zo min da hawaye, an share mata aikin kammala karatu, alhali matsalar kawai manhajojin kashe bairos guda biyu ne ke kokawa da juna a ɓoye. Bayan masu fomat sun share, sai su loda maka manhajojin sata daga filashin da ya zaga kwamfuta ɗari, su ƙara da wata wai mai ƙara gudu, ita ma zama take a ɓoye tana cin ram. A irin waɗannan ne nake tsintar masu haƙar kuɗin kirifto, wato manhajojin da ke amfani da ƙarfin kwamfutarka suna samar wa wani kuɗin intanet: fankarka na kuka, wutarka na ƙonewa, wani can yana tara riba.

Ni ɗaya bayan ɗaya nake bi. In rufe waɗanda ba dole ba a jerin masu tashi da farko, in bar na sauti da na tsaro, in saita intanet ɗin a matsayin mai awo don kada Windows ta shanye data, sannan in kashe in kunna, in sake kallo. Idan faifan ne ya gaji, ina faɗa wa mutum gaskiya ya sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa.

Sai an gama kuma a ce, "Haba Malam, ai ba ka canza komai ba, danne-danne kawai ka yi." Shi ya sa yanzu nake ajiye kujera kusa da tawa. Mai kwamfuta ya zauna, ya ga yadda take kafin in taɓa, ya ga abin da na rufe da dalilinsa, sannan ya kunna da hannunsa ya ƙirga daƙiƙun da ta ɗauka kafin ta tashi.