Asabar a Rochdale, gaban tutocin matan gama-kai

Ruwa bai ɗauke ba tun asuba, amma Yaya ta ce ko ana tsuga shi da bakin ƙwarya sai mun je. Muka hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Rochdale, muka nufi gida mai lamba 31 a layin Toad Lane. A nan wasu talakawa 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe kantinsu na gama-kai ranar 21 ga Disamba 1844, da ɗan man shanu da sukari da fulawa da kyandir. Dokarsu: awo na gaskiya, kowane mamba ƙuri'a ɗaya, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar kowa. Yanzu gidan tarihi ne, ɗan ƙarami.

Tarihin kantin na sani tun tuni. Abin da ya tsayar da ni tuta ce ta wani reshen ƙungiyar matan gama-kai, wadda Alice Acland da Mary Lawrenson suka assasa a 1883. Ƙungiyoyin ƙwadago na maza kan tara kuɗi su yi odar manyan tutocin siliki masu fenti, galibi daga kamfanin George Tutill na Landan. Su kuwa matan, sau da yawa da hannunsu suke ɗinka nasu, bayan an gama girki an kwantar da yara.

Na matsa kusa har na ga sawun allura. A wani gefen ɗinkin ƙanana ne, a jere, a matse; a wani kuma ya ɗan saki, zaren ya ja ƙyallen ya tattare. Yaya, wadda ta yi shekaru tana ɗinkin hula a gida, ta ce, "Ƙanwata, wannan ba hannu ɗaya ba ne. Dubi harafin nan, mai koyo ce ta yi shi, kuma ba su warware ba." Wannan ya ratsa ni. Da sun so, gwanar cikinsu kaɗai za ta ɗinke ta tsaf. Sai suka bar wa kowace gurbinta, suka ɗaga ta a haka a tsakiyar gari.

Alamomin da ke yawo a tutocin gama-kai ba ado ba ne kawai. Damin alkama: kara ɗaya ba ya tsayuwa, sai an ɗaure shi da 'yan uwansa, abin da mu muke cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Akwai amya da ƙudan zumanta, akwai hannaye biyu suna musabaha, akwai bakan gizo da ƙawancen gama-kai na duniya ya ɗauka a matsayin tutarsa a 1925. Wadda ta fi burge ni ita ce mace riƙe da kwandon cefane. Ita ke sayen fulawar, saboda haka ita ke riƙe da kantin, kuma ta san hakan. A ƙarƙashin irin waɗannan tutoci matan suka matsa wa gwamnati har aka sa kuɗin haihuwa a dokar inshora ta 1911, suka kuma fito da farin furen zaman lafiya a 1933.

Ƙungiyar matan ta rufe a 2016. Ƙyallen ne ya rage, shi ma haske da asu na cin sa. Gidan tarihin People's History Museum da ke Manchester yana da ɗakin gyaran tsofaffin tutoci, ana leƙen masu aikin ta gilashi. Yaya ta ce can za mu je mako mai zuwa, tana son ganin yadda suke tallafe silikin da ya fara ruɓewa.